Shafi Arba'in, Duk Hoto

Malam Hashimu, kai ka cuci jikata. Ramlat maƙwabciyata ke rubuta mini wannan, na kuma ce mata kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Khaulat ba ta gani tun ƙyandar da ta yi tana shekara huɗu. Ni na raine ta. Yanzu tana kwalejinku, wayarta ke karanta mata darasi da murya. Da takardun wannan zangon suka shigo wayar, ta ɗora yatsa, wayar ta ce “hoto”. Ta matsa gaba. “Hoto.” Shafi arba'in, ba wanda ya karantu.

Na bar gyaɗata a shanye, muka hau mota har ofishinka don a mayar da su rubutun da waya za ta iya karantawa. Yawan shafin kawai ka duba, ka ce, “Inna, arba'in? Ai aikin kwana biyu ne.” Ko ɗaya ba ka buɗe ba.

Ban yi boko ba, amma shekara hamsin ina ɓarar gyaɗa. Ba na ce wa mai buhu yau zan gama sai na cusa hannu har ƙasa, na ji busasshiya ce ko da danshi.

Sati biyu muna jira. Da muka koma, sai a gabana ka buɗe. Ashe rubutun hannu ne aka ɗauka a karkace, wani shafin har da yatsan mai ɗaukar. Ka sosa ƙeya, ka ce sai an sake bugawa kalma-kalma, kowane zane a rubuta bayaninsa, mutum biyu ma sai sun yi sati uku. Jarrabawa kuwa saura kwana tara.

Jiya da la'asar muna gindin darbejiya Khaulat ta miƙo mini wayar.

“Kaka, ke da ke da ido, me kika gani?”

“Gida-gida ne, an zuba baƙaƙe a kowanne.”

“Jadawali ne. Me ke gidan farko?”

Na ƙura ido. “Wani abu kamar ƙugiya, sai wani kamar ƙwai.”

Ta yi ta dariya har ta kwanta a cinyata. “Ke da wayar nan dai ajinku ɗaya.”

“Ja'ira! Ni ko ba komai na ga ƙwai.”

Can sai na ji zanina ya jiƙe da hawayenta. Na ci gaba da shafa mata kitso.

Da tun ranar farko ka ce sati uku, da na roƙi Malam Sabo na Islamiyya ya riƙa karanta mata kullum bayan azahar. Ban roƙe shi ba saboda maganarka.

Garinmu gab da Tofa yake, motar ba ta wuya. Ka zo ka zauna a tabarmar nan, ka faɗa wa yarinyar da bakinka abin da za ta shiga jarrabawa da shi. In ka ce ba laifinka ba ne, to ka zo mini da wanda zai amsa.