Dalilin Baba Fus

Mairo na ɗauke da faranti, kofunan zoɓo uku a kai, sai ta ji muryar mijinta daga ɗakin baya.

"Ƙwallon wa ya faɗo min gida? Na wa? Fuuus!"

Saura kaɗan farantin ya suɓuce mata. Shekaranjiya ta fita takabar Bala, yau ne ta fara dawowa girki gidan Alhaji Aƙilu a Nassarawa. Ta tsaya gindin mangwaro ta gyara riƙon farantin. Ta san ba Bala ba ne. Hanif ne, autan Alhaji, shi ya iya kwaikwayonsa har da ɗan tarin da yake yi a ƙarshen magana.

Shekara uku ke nan da Hanif ya dawo daga karatu a waje da gemu da kwamfutoci. Ya karɓi ɗakin baya, wanda Mairo da Bala suka taɓa zama a ciki kafin su koma Kaura Goje, ya lilliƙa kwalayen ƙwai a bango don tare sauti, ya fara yi wa yara katun. Mugun da ke cikin katun ɗin sunansa Baba Fus: maigadi mai dogon wuya da haƙori ɗaya, hularsa ta rufe kunnuwa, kullum da basilla a hannu. Duk ƙwallon da ya faɗo gidan da yake gadi sai ya soke shi. A ƙarshen kowane shiri kuma sai ya faɗa kwata, yara su yi ta dariya.

Babu wanda bai san da wa ake ba. Shekara ashirin da biyar Bala ya yi a ƙofar gidan nan, kuma gaskiya ne yana fasa ƙwallo. Da aka nuna masa a waya, murmushi kawai ya yi ya ce, "Ai yaron ya iya." Amma ranar da aka fito da makararsa, Mairo na cikin ɗaki ta ji wani yaro a waje ya ce "Fuuus!" sauran suka kwashe da dariya. Duk zaman takabarta da wannan dariyar ta yi shi.

Ta yi sallama ta shiga. Hanif ya cire abin kunnensa ya taso.

"Gwaggo! Ke muke jira wallahi. Zauna nan. Ya ƙarin haƙuri?"

Bai jira amsa ba. Ya nuna mata Najla, mai rubuta labarin, da Ameera, mai zane, waɗanda suka gaishe ta idonsu na kan kwamfuta. Ya ce Turawan da ke tallafa wa shirin sun aiko saƙo. Yanzu an daina yayin mugu haka kawai, dole kowane mugu ya kasance da dalili. Suna son shiri guda a kan yarintar Baba Fus, kuma suna son yara su yi kuka a minti na bakwai.

"Minti na bakwai," in ji Mairo.

"Ko na takwas," in ji Najla. "Muna da dabaru uku, Gwaggo. Na ɗaya, maraya ne, bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Na biyu, yana da ƙwallon tsumma, akuya ta cinye."

"Ni akuyar nake so," in ji Ameera. "Na riga na zana ta."

"Na uku, an yi fari a ƙauyensu, suka dafa ƙwallon suka ci."

"Ƙwallon suka ci?"

"To, ai ƙauye ne," in ji Najla.

Hanif ya durƙusa gabanta. "Shi ya sa muka ce a tambaye ki. Muna son abu na gaske. Baba Bala ya sha wahala yana yaro, ko? Ana dukansa? Yunwa fa?"

Mairo ta ce uban Bala na da shanu goma sha biyu a Jigawa, uwarsa kuma sai da ta ga jikoki. Da nono da zuma ya girma. Fara'arsu ta ɗauke kamar ta kawo musu saƙon rasuwa.

Ta dubi kusurwar da aka ajiye injin sanyaya ɗaki. Nan tabarmar 'yarta Hajara take a da. Shekararta bakwai lokacin, Hanif na da biyar. Wata la'asar Bala na salla, ƙaramar ƙofar get a buɗe, ƙwallon Hanif ya gangara titi. Ya yi ta birgima a ƙasa yana ihu, "Hajara, ɗauko min! Ɗauko min!" Ta fita a guje. Motar da ta kashe ta ba ta ko tsaya ba. Washegari Alhaji ya kira Bala falo, ya riƙe hannunsa, ya roƙe shi don Allah kada yaron ya taɓa sanin shi ne ya aike ta. Bala ya rantse. Aka ce wa Hanif Hajara ta tafi wurin kakarta, ya yi kukan kwana biyu, aka sayo masa keke.

Bala ya cika alkawari har kabari, ya bari aka ba shi haƙori ɗaya. Ita ba ta rantse wa kowa ba. Amma rantsuwar mijinta ce, kuma ba ya nan balle ta tambaye shi.

"Akwai dalili," ta ce. "Ba na yarinta ba ne."

Najla ta jawo kwamfutarta kusa.

Mairo ta ba su labarin tiryan-tiryan. Ta ce a wani gida ne da Bala ya taɓa yin gadi. Ta faɗi sallar, ta faɗi ƙofar, ta faɗi ɗan masu gida da ihunsa, ta faɗi 'yarsu da ya aika, ta faɗi takalmin roba guda ɗaya da aka tsinto a bakin kwata. Suna kawai ta riƙe. Ta ce tun daga ranar, in Bala ya ga ƙwallo ya nufi titi, ba ya ganin komai sai yaron da zai bi shi. Bai taɓa ɗaga wa ɗan kowa hannu ba. Ƙwallon yake kashewa tun kafin a bi shi.

Ameera ta kife takardar akuyar. Hanif na share hawaye da bayan hannu.

"Ashe kun taɓa haihuwa, Gwaggo?"

"Mun taɓa."

"Wannan ya fi minti na bakwai," in ji Najla a hankali. "Tun na huɗu za su fara."

Hanif ya miƙe yana zagaya ɗakin. "Kun gane abin da muka samu? Ba Baba Fus ne mugun ba! Yaron nan ne! Irin 'ya'yan masu kuɗin nan da aka sangarta, komai sai an yi musu. Wallahi na tsani irinsu. Ameera, ki ba shi ƙaton tumbi da majina. Shi zai faɗa kwata wannan karon."

"Yaro ne," in ji Mairo. "Shekararsa biyar. Kada wanda ya faɗa kwata. Shi ma Baban ya isa haka."

"Amma yara kwatar suke jira," in ji Najla.

"Su jira."

Hanif ya ɗaga hannu. "An gama, Gwaggo ta yanke. Babu kwata." Ya dawo ya durƙusa gabanta. "To yaya kamanninsa? Kina tuna fuskarsa? Muna son ya fito sak, duk wanda ya gan shi ya gane irinsu."

Ameera ta ɗaga fensir tana jira.

Mairo ta dube shi. Ga ɗan tabon nan a girarsa ta hagu, na ranar da ya faɗo daga sabon keken. Ita ta wanke masa jinin, Bala ya goya shi zuwa asibiti. Kalma ɗaya ta rage a bakinta, ta ji nauyinta a kan harshe. Ta miƙe ta fara tattara kofunan, ko rabi ba su sha ba.

"Ku zana shi ta baya," ta ce. "Ba sai an ga fuskarsa ba."

Hanif ya tafa hannu ya juya wurin 'yan matan. "Kun ji? Ta baya! Kai, Gwaggo, ashe kin iya fim!"

Ta ɗauki farantinta ta fita. Sha biyu ta wuce, Alhaji kuma ba ya son abincin rana ya makara.