Wa Zai Juya Tayar

Kishi? Da matar ɗan da na haifa? Ke 'yar nan, yayan naki ne ya aiko ki, ko ke kika aiko kanki?

Zauna ki ji, tunda ba kya nan. Giyar bayan motar ubanku ce ta fara kuka, yayanki zai sayo wata, sai an san irin wadda ke ciki. Ba sai an kwance ba. A ɗaga bayan motar da jak, a saka ta a firi, wato ba a kan giya ba, a ja alli a taya, a ja a farfela, dogon ƙarfen nan na ƙarƙashi. Mutum ɗaya ya juya tayar sau biyu, na ƙasa ya ƙirga juyin ƙarfen. Adadin da ya samu shi ke nuna irin giyar. Shi ke nan.

Tun kuna goye ni ke juya wa ubanku tayar nan. Yana ƙasa, ƙafafunsa kawai nake gani, ya ce in tafi, in tafi, ya ce in tsaya, in tsaya. Duk zamanmu nan ne kaɗai yake ba ni umarni in bi ban ce uffan ba. Da ya rasu na ɗauka aikin yana nan nawa.

Jiya na ji ƙarar jak, na ɗaura ɗankwali na fito. Sai ga allin a hannun matar yayanki. Ita za ta juya. Ni kuma aka ajiye min kujera a ɗaya gefen, wai in riƙe waccan tayar kada ta motsa, don in ta motsa lissafi ya ɓaci. Har da cewa kada in wahalar da kaina.

Na riƙe. Ta juya da 'yan yatsu kamar mai tsoron ƙunshinta ya goge. Shi kuma daga ƙasa sai dariya, wai hannunta da laushi. Ya ƙirga uku. Suka sake, biyu da rabi. Suka sake, ko biyun bai cika ba. Ya fito yana susar kai, wai anya ba wani abu ya karye a ciki ba. Na ce Allah ya sawwaƙe.

Kar ki harare ni. Hannun tsohuwa ne, da sanyin ƙashi. In taya ta zame a cikinsa, laifin wa?

Can ya leƙo ta ƙarƙashin motar, ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya daɗe. Sannan ya ce, "Inna, ko za ku canja wuri?"

Na ce in dai ba takura. Yarinyar ta rungume tayata da ƙarfinta, ba laifi, tana da ƙashi. Ni na juya, a hankali, idona a kan allin. Huɗu da ɗan ɗoriya. Muka sake, huɗu da ɗan ɗoriya. Ya ce haka ubanku yake faɗa. Na ce na sani.

Yanzu kin zo wai na kusa sa shi sayen giyar da ba ita ba, wai na kunyata matarsa. Me ya ci min rai a riƙe taya, kike tambaya?

To ki koma ki gaya masa: riƙe taya aikin dutse ne. Ya sauke gefe ɗaya ƙasa ya danna wa tayar dutse, ba sai ya kira uwarsa ba.