Layin da Baba Ya Ja

Auta ya dawo gida da akwati ɗaya da shawara buhu guda. Tun bai cire takalmi ba ya fara: falo yana son fenti, kujeru sun tsufa, wayoyin nan da suka bi bango da silin sai an yaye su. Yayarsa, wadda ta riƙe gidan tun ranar da aka fita da gawar mahaifinsu, tana bakin kicin tana goge hannu. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba sai da ya nema.

Haushinsa take ji, kuma da dalilinta. Shi ne ya iso bayan an binne, ya fi kowa kuka, washegari ya kama hanya. Ita aka bari da wanki da asibiti da Mama.

Mahaifinsu injiniyan wayar tarho ne. Rabin rayuwarsa a saman falwaya ya yi ta, ɗaure da bel, filaya a baki. Sauran rabin a ramin kebul ne a ƙarƙashin titi, ruwa har gwiwa. Yana da wata ƙaramar wayar gwaji da ba ya rabuwa da ita. Duk inda rana tsaka ta same shi, sai ya maƙala ta a layi ya kira gida, iska tana kaɗawa cikin muryarsa: "Kun ci abinci? Wa ya yi kuka yau?" Ya taɓa ƙin ƙarin girma don kawai za a mai da shi wani gari. Abokan aiki suna yi masa tsiya wai matarsa ta ɗaure shi da igiyar waya, bai taɓa musantawa ba.

Da wayar hannu ta kashe musu aiki, hannunsa ya ƙi zama. Ya kwaso guntayen wayoyi ya haɗa ɗakunan gidan da juna, daga ɗakin kayan aikinsa na baya har gefen gadon Mama. Yaran suka yi ta dariya. Dariyar ta ƙare ne lokacin da Mama ta fara mantuwa, ta koma zargin kowa da ba ta guba, ta daina karɓar maganin zuciyarta daga hannun kowa. Sai ya riƙa shiga ɗakin baya da rana tsaka yana kiran ta, kamar yana saman falwaya. "Sha maganinki," zai ce. Ta sha.

Da ya rasu an gaya mata. Ta yi kuka har ta suma, washegari ta tambayi ina yake. Aka sake gaya mata, ta sake suma. Yaya ta ce an gama, ba za ta riƙa kashe wa uwarta miji kullum ba. Tun daga nan ita ke shiga ɗakin baya ta kira. Ba ta magana, iska kawai take hurawa a bakin wayar.

"Iskar ta yi yawa, ba na jin ka," Mama za ta ce. "To, zan sha. Ka riƙe da kyau."

A haka Auta ya kama ta, kwana biyu da zuwansa.

"Me nake gani haka, Yaya? Kin mai da Baba fatalwa?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Uwarmu ce, ba jaririya ba. Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba, da sunansa kike yaudarar ta?"

"Kai ka san abin da bai taɓa yi ba? Kana ina yana ciwo? Kana ina nake juya shi a gado?"

"Aiki nake yi."

"Shi ma aiki yake yi, a sama ma, kuma yana kira. Kai wayarka tana aljihu."

Maganar ta shige shi, ta gani a fuskarsa, kuma ta ji daɗi. Ba ta yi tunanin abin da mutum mai girman kai yake yi idan an soke shi ba.

Da safe ta fita karɓo magani. Ta dawo ta tarar da bangon falo tsirara, sai sawun ƙusoshi. Auta yana tsakar gida da filayar Baba a hannu, wayoyin a tare gabansa kamar an zubar da tsintsiya. Bai tsaya kan guda ɗaya ba, damin gaba ɗaya ya datse daga inda ya fito a ɗakin baya. Kuma duk launinsu ɗaya, domin ragowar aiki ne, Baba bai taɓa sa musu alama ba. A kansa ya riƙe wacce ke zuwa ina, ya tafi kabari da saninsa.

"Gaskiya za a gaya mata," in ji Auta. "Za ta yi kuka ta haƙura."

Yaya ta ajiye ledar maganin. Ta so ta mare shi. Sai ta ga mari ya yi masa arha.

Rana ta take. Mama tana zaune a bakin gado, ta gyara ɗankwali, ƙwayar magani da kofin ruwa a gefenta, idonta a kan wayar. Inuwa ta fara karkata. Ta ɗaga kan wayar ta saurara, ta mayar. Can ta ɗaga murya.

"Yau bai kira ba. Ku je ku duba min shi, kar dai faɗowa ya yi."

Yaya ta kama Auta a wuyan riga, ta ja shi har gaban gadon, ta sake shi.

"Ga ta nan. Gaskiya kake so, gaya mata."

Mama ta ɗago ta dube shi, ba ta gane shi sosai ba. "Kai abokin aikinsa ne? Lafiya yake?"

Auta ya buɗe baki. Ya dubi hannunta da ya riga ya dafe ƙirji.

"Lafiya lau yake, Mama," ya ce. "Layi ne ya lalace. Yana kan gyara."

"To, madalla." Mama ta tura ƙwayar gefe da ɗan yatsa, ta jawo wayar kusa da ita. "Sai ya kira zan sha."