Wayar Silifas

Tela ba ya gajiya da yi wa Auta, 'yarsa mai shekara biyar, wa'azi a kan zumunci. Kullum maganarsa ita ce ba a yi wa aboki fuska biyu.

Ran nan amininsa Kafinta ya zo shago ya zauna a benci, Tela na taka keke suna hira. Auta na wasa cikin ƙyallaye, sai ta ɗauki silifas ɗin ubanta ta kara a kunne kamar waya.

"Alo, Kafinta! Mutumina! Ina ka shige ne? Ka zo mana, shago ai naka ne!" Ta yi dariyar ubanta sak, har da dukan cinya.

Kafinta ya tuntsire da dariya. "Kai, yarinyar nan ta haddace ka!"

Auta ta ajiye takalmin, ta ja dogon tsaki irin na ubanta. "Yanzu zai zo ya cika mu da surutu."

Keke ya tsaya. Tela ya sunkuya yana laluben allurar da ba ta faɗi ba. Kafinta ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa a hankali.

"Bari in gudu, kada in cika ku," in ji shi, ya fita.

Auta ta ɗago kai tana jiran yabo. "Baba, na iya?"

"Kin iya, uwata. Malaminki ne bai iya ba. Miƙo mini wayar."

Ya zura ƙafa a silifas ɗin, ya kama hannunta suka bi bayan Kafinta. Tunda da ido take karatu, gara ta ga yadda ake ba da haƙuri.