Tahiru Ya Nemi a Tsare Shi

"Kada ka matso ni!" in ji Tahiru, yana ja da baya, hannu biyu a sama.

A shingen shiga Chétimari, a shekarar da 'yan ƙunar baƙin wake suka hana Diffa sakat, babu maganar da ta fi wannan muni. Sojan da ya zo laluba shi ya daka tsalle ya koma bayan buhunan yashi. Direban da ya ɗauko shi daga Yamai a saman lodin siminti, tafiyar kwana biyu, ya shige ƙarƙashin motarsa. Mai shayi ko butarsa bai tsaya ɗauka ba.

Alhali bawan Allah manomin tattasai ne, abin da ke jikinsa kuwa magani ne. Wata goma ya yi yana jiran ƙwaya ɗaya tak saboda maƙoƙon da ya shaƙe masa wuya. Daga Turai ake kawo ta cikin akwatin darma, kuma kowane akwati sai an biya masa takardun izini da mai gadi da mai aunawa, har hidimar ta fi maganin tsada. Shi ya sa asibiti ba ya yin oda sai sau biyu a shekara, ga masu jira da yawa. Da ya haɗiye ta, likita ta ce jikinsa zai riƙa fitar da wani tururi da ido ba ya gani har kwana bakwai: kowa ya ba shi taku uku, mai ciki kuwa ko ɗaki kada su haɗa. Ga 'yarsa Ummusalma tana gida goyon ciki, wata takwas. Tsoronsa ke nan tun Yamai.

Ya naɗe takardar likita a dutse ya jefa wa shugaban sojojin, wanda suke kira Shef. Shef ya karanta sau biyu, ya sauke ajiyar zuciya.

"Baba, ka kusa kashe kanka a banza! Wuce gida, kowa ya ba ka wuri."

Tahiru bai motsa ba. Ya san garinsu. Tun jiya matarsa Kaltum ta yi waya an yanka akuya. 'Yan dubiya har daga Assaga za su cika masa ɗaki, kowa sai ya riƙe hannunsa ya shafa wuyan, Ummusalma ce kuma za ta durƙusa ta miƙa masa ruwa. Wa ya isa ya kori mai gaisuwa?

"Shef, wanda kuka yi zargi, ina kuke kai shi?"

"Wancan tantin. Shi kaɗai, kwana uku, ba mai ganinsa ko uwarsa ce."

Tahiru ya ɗauki jakarsa ya nufi tantin, sojoji suna darewa.

"Ni dai har yanzu ban yarda da kaina ba," in ji shi. "A yi mini biyar."