Hoton da Inna Indo Ta Ƙi Karɓa

Hoton ya iso ƙauyensu, kusa da Tasawa a Nijar, ana gab da Babbar Sallah. Daga lambar Isyaku, ƙanin Habibu, ya shigo. Habibu ya kai wa mahaifiyarsu wayar har ɗaki. Inna Indo ta nesanta ta da ido, ta matso da ita, sannan ta miƙa masa abarsa.

"Wannan ba Isyaku ba ne," in ji ta.

Mutumin da ke cikin hoton yana tsaye gaban wani farin gida mai furanni, sanye da shadda da hula. Hancin na Isyaku ne, kunnuwan ma haka. Kuncin ne sumul kamar na jariri. A gidansu kuwa duk ɗan da aka haifa sai wanzami ya yi masa tsaga a gefen baki ranar suna, irin wadda ke fuskar Habibu, kuma ba a taɓa jin wanda tasa ta goge ba.

Da ma akwai maganar da ke yawo. Wani falke da ya dawo daga Kano ya ce wani ɗan Nijar ya rasu a kamfanin jima a Challawa, an binne shi shiru, abokinsa ya riƙe wayarsa da katin aikinsa. A Challawa Isyaku yake aiki. Tun damina kiransa ya ragu, in ya kira ma muryar a dishe take, kafin a gama gaisawa layin ya katse.

Habibu bai buga ya tambaya ba. A ganinsa, in wani ne ke riƙe da wayar, tambaya za ta ba shi damar shiryawa. Ya sa an wanke hoton a takarda a Tasawa, ya zura a aljihu, ya hau motar Kano bai sanar da kowa a can ba.

Farin gidan ya fara nema. Mai adaidaita sahun da ya ɗauko shi ya dubi hoton ya yi dariya.

"Malam, a nan na girma. In akwai wannan gida a Challawa, ni ma ina neman haya."

Ya sauke shi ƙofar kamfanin, inda warin fata ya cika iska. Maigadi ya ce lallai akwai mai wannan suna a ciki, amma ba a shiga da waya, ba a kuma kiran ma'aikaci sai an tashi bayan la'asar. Habibu ya nuna masa hoton.

"Shi ne wannan?"

"Kowa da takunkumi yake wuce ni, kati nake dubawa," in ji maigadin. Ya ƙara kallon takardar. "Amma wannan aikin Sagir ne. Ga shi can gindin darbejiya."

Sagir ma'aikacin kamfanin roba ne da ke maƙwabtaka, ranar hutunsa ce. Hoto ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce, da waya kawai yake yi. Habibu ya yi sallama ya zauna a ƙarshen bencin mai shayi, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ya sa ido.

Wani direban babbar mota ake ɗauka. Sagir ya goge idon kyamarar da gefen rigarsa, ya janye mutumin daga rana zuwa bakin inuwa.

"Kada ka kalli rana, ido zai tsuke kamar an kama ka da laifi. Ɗan karkato kafaɗa. Cikin nan kuma ka riƙe numfashi, ba ni da maganinsa."

Ya durƙusa ya ɗauka daga ƙasa, wai hakan na ƙara wa mutum tsayi. Daga nan ya zauna yana shafa fuskar wayar da yatsa. A gaban idon Habibu kwatar da ke bayan direban ta ɓace, bangon kamfani ya ɓace, farin gida mai furanni ya fito ya tsaya a gurbinsu. Gidan nan dai na cikin aljihunsa.

Habibu ya dafa aljihun. Wanda zai iya kafa gida inda babu gida, ai ba wuya ya ɗora hancin mamaci a fuskar wani.

"Malam, ku ma a ɗauke ku?" in ji Sagir. "Na ga tun ɗazu kuna kallona kamar jami'in kwastan."

Habibu ya miƙe. Yana so ya ga iyakar abin. Aka tsayar da shi bakin inuwa, aka karkata masa kafaɗa, aka ɗauka. Ya dawo ya tsaya a kan Sagir, bai yarda ya zauna ba.

Sagir yana aiki yana bayani, da alama ya saba da masu kallo. Ya yanke gefen hoton inda ƙafar benci ta shigo. Ya ƙara haske kaɗan, ya ce in ya yi yawa farar riga sai ta cinye fuska. Sai ya buɗe wani ɗan layi a ƙasan hoton, ya ja shi da babban yatsa har ƙarshe.

"Wannan shi ne mai gyaran fata. Ƙuraje, zufa, gajiyar aiki, duk yana kwashewa."

Ya miƙa masa wayar. Habibu ya ga kansa da rawaninsa da gemunsa, da kunci sumul. Ya kai hannu ya taɓa gefen bakinsa. Tsagar tana nan.

"Ina ka kai ta?"

"Me fa?"

"Tsagata."

Sagir ya karɓi wayar, ya dubi hoton, ya dubi fuskar. Ya mayar da layin baya a hankali, tsagar ta dawo. Ya sake ja, ta tafi.

"Manhajar ba ta san tsaga ba," in ji shi. "Tabo take ɗaukarta."

Habibu ya zaro takardar ya ajiye a benci. "Wannan fa? Nuna mini shi kafin ka taɓa shi."

"Isyaku ke nan. Na asalin na goge, waya ta cika." Sagir ya lura da yadda ake dubansa, ya daina murmushi. "Malam, lafiya dai?"

"Za mu gani in an tashi."

Habibu bai sha shayin da aka zuba masa ba. Abin da ya gani ya nuna yadda tsaga ke ɓacewa, bai nuna cewa wanda aka ɗauka yana da ita tun farko ba. Ya zauna inda zai ga ƙofar kamfanin ya kuma ga Sagir, ko da zai buga wa wani.

Bayan la'asar aka buɗe ƙofa. Ma'aikata suka fito cikin dogayen takalman roba, kowa da takunkumi. Sagir ya ɗaga hannu ya kira suna. Wani siriri ya ware daga cikinsu, ya nufo darbejiyar, ya tsaya cak.

"Yaya? Wa ya rasu?"

"Sauke wannan abin," in ji Habibu.

Ya sauke. Tsagar tana nan, ƙurajen da maganin jima ya fesa masa sun kewaye ta. Habibu ya daɗe yana kallo kafin ya ba shi hannu.

"An ce kai ne. Inna ta ce na cikin hoton ba ɗanta ba ne."

Isyaku ya yi tari ya sunkuyar da kai. "Ni na ce ya gyara ni sosai. Ban so ta ga ƙurajen ba."

"To ta ga wani mutum daban."

Sagir ya ce a sake ɗauka kafin rana ta faɗi. Ya tsayar da su jikin bangon kamfani, ya juya su yadda hasken zai zo ta gefe, ya ce da haka kowane layi a fuska ke fitowa. Da ya ɗauka, yatsansa ya nufi ƙasan hoton bisa sabo. Habibu ya riƙe masa wuyan hannu.

"Haka nan za ka tura."

An tura wa maƙwabcinsu na ƙauye mai babbar waya. Suna alwalar magariba saƙon murya ya shigo, muryar Inna Indo ce, kusa da wayar ƙwarai.

"Shi ne. Ya rame, a nema masa maganin fuskar nan." Sai ta ƙara da cewa, "Habibu, wannan bango kuma na ina ne? Ka tambaye shi ina farin gidan."