Gado a Ɗakin Wanki

Mu a kan rufin bene muke, bayan hawa na biyar. Ɗaki ɗaya ne kusa da tankin ruwa, ni da Umma. Shekara talatin da ɗaya tana haya a nan, tana yi wa mutanen ƙasa wanki da guga. Ni kuwa ina aiki a shagon kwafin takardu da ke kallon ofishin gunduma. Tun aji biyu na sakandare na bar makaranta, amma duk takardar da ta bi ta hannuna sai na karanta ta. Mutanen Kazablanka sun ɗauka mai kwafi ba ta da ido.

Da Alhaji Bushaib, mai gidan, ya ce zai raba benen ya sayar wa kowa sashensa, sai ƴan haya suka canza tafiya. Ko hannu ba a sa ba. Lalla Habiba ta hawa na uku ta ce daga yau sunanta Madam Bannis. Aka kafa kwamitin masu gida, ita ce shugaba, mijinta ne magatakarda saboda shi kaɗai ke da jakar fata. Suka ajiye furen roba a ƙofar shiga, suka manna sanarwa da Faransanci cewa an hana soya kifin sardin. Gidan da har bangonsa warin sardin yake yi.

Ranar Laraba Alhaji ya hau rufin da kansa, yana haki, riƙe da dunƙulen sukari a shuɗiyar takarda. Da na ga sukarin na san akwai magana.

“Lalla Zuhur, ƴar alfarma na zo nema,” ya ce wa Umma. “Jibi gunduma za ta turo injiniya. In bai ga komai daidai da taswira ba, ba zai sa hannu ba, a taswira kuma nan ɗakin wanki ne. Yini ɗaya kacal. A sauke kayanku, a jera baho, ya leƙa ya tafi, ku dawo abinku.”

“Ba komai, Alhaji,” in ji Umma. “Ai an zama ɗaya.”

Ni na kwafi fayil ɗin rabon benen nan a shagonmu, har sau shida. Shafi na sha ɗaya ya ce matattakala da rufi da ɗakin wanki na kowa ne, kwamiti ke iko da su. In injiniya ya rubuta babu kowa a ciki, ranar Asabar Umma ta tashi daga ƴar haya, ta koma matar da ta shigo wa mutane ɗakin wanki da katifa.

Na ce, “Alhaji, rubuta mana layi biyu cewa za mu dawo.”

“Haba Gizlan, ƴata. Tsakaninmu har sai da takarda?”

“Kai ma tsakaninka da gunduma kwafi shida ka yi.”

Umma ta mintsine ni. Bayan ya sauka ta ce, “Ke da karatunki na shago! Mutanen gidan nan ke ba ni wanki. In sun juya mana baya, takardar za mu ci?”

Ranar Alhamis kwamiti ya zo taimako. Madam, wadda rabonta da rufin nan shekara tara, ta tsaya a tsakiya tana nuni da yatsa. Aka sauke kabad, tukunyar gas, talabijin da katifar Umma, aka jibge a ƙarƙashin matattakalar ƙasa. Aka jera baho huɗu da sabon kwalin garin sabulu. Ni kuwa na hau gadonmu na ƙarfe na miƙe ƙafa.

“Tashi, yarinya,” in ji Madam.

“Ƙafata ta yi tsami.”

“Tun yaushe?”

“Tun shafi na sha ɗaya.”

Mijinta ya gyara gilashi. “Wannan batu ne na doka, ba kowa ke gane shi ba.”

“Gaskiya ne, Si Bannis. Wane sakin layi kake nufi?”

Ya buɗe jakar, ya rufe. Rabin burodi ne a ciki, na gani.

Suka haƙura, a kan cewa da safe dole in tafi aiki. Ban tafi ba.

Injiniyar mace ce, gajera, da takalmin ƙwallo da tef ɗin awo a ƙugu. Ta shigo, ta dubi bahon da ko ɗigon ruwa babu, ta dubi kwalin sabulun da ba a fasa ba, sannan ta dube ni a kan gado ina ɓare wake.

“Wannan fa?”

“Mai wanki ce,” in ji Alhaji. “Tana ɗan hutawa.”

“A kan gado?”

Madam ta ce, “Mu a gidan nan muna kula da ma'aikatanmu.”

Na shirya amsa tun jiya, amma ba ni ta tambaya ba. Ta juya wurin Umma, da ke bakin ƙofa tana murza gefen zanen aikinta.

“Mama, ke zan tambaya. Akwai mai kwana a ɗakin nan?”

Takardar haya sunan Umma ke kai, ba nawa ba. In ta ce babu, sai dai in ci gaba da ɓare wake a ɗakin wankin mutane. Ta dubi Alhaji, ya yi mata murmushi. Ta dubi Madam, wadda ko kallonta ba ta yi ba, tana kaɗe ƙura daga hannun rigarta.

“Kwana?” in ji Umma. “A kan gadon nan na haife ta. Habiba ce ma ta dafa mini ruwan zafi, lokacin ba ta zama Madam ba. A kansa kuma ubanta ya cika.”

Injiniya ta daɗe tana rubutu. Ta ce fayil ba zai wuce ba sai an daidaita matsayin ƴan hayar rufi a rubuce. Alhaji ya bi ta ƙasa yana kiranta ƴata, yana kiranta Dakta, har muryarsa ta ɓace.

Kafin la'asar Madam ta aiko a karɓo zannuwan gadonta da ta ba Umma wanki. Suna jiƙe. Umma ta ninke su haka ta miƙa.

Masu taimakon jiya ko ɗaya bai leƙo ba, sai muka fara hawa da kaya mu biyu. Katifa ta hau, gas ya hau. Kabad ɗin ne ya kai hawa na uku ya maƙale tsakanin ƙarfen matattakala da ƙofar Madam, ƙam. Muka ja, muka tura, ya ƙi.

Can sai muka ji ana murɗa ƙofar daga ciki, tana buguwa da katako.

“Gizlan! Mene ne wannan? Ina da taron kwamiti!”

“Kabad ne, Madam. Ya maƙale. Ku huɗu kuka sauko da shi.”

“To sai yaushe?”

Umma ta zauna a kan matattakala, ta cire takalmi, ta fara matsa ƙafarta.

“Ce mata ba sauri muke ba,” ta ce. “In mijinta ya gama doka, ya zo ya kama ta can.”